Matatar Man Kaduna: Uwa Ce ko Auta?

Ɗan Sabon Tasha:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na biyo hanyar Kachia zan koma gida, da na zo daidai matatar mai sai na rage gudu na ɗaga kai ina neman harshen wutar nan da muka taso muna gani a saman dogon bututunta, ban ga komai ba sai duhu. Mu da aka haifa a wannan yanki da wutar nan muke gane cewa matata tana aiki, kuma idan tana aiki to akwai abinci a gidajenmu, domin mahaifiyata shinkafa da wake take sayar wa direbobin tanka masu kwana a layi suna jiran lodi, kuma daga wannan tukunyar aka biya mini kuɗin makaranta. Abin da ya hana ni barci shi ne, an buɗe matatar nan a 1980, an ƙara mata ƙarfi har ta kai ganga 110,000 a rana, a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kashe dala miliyan 586 a kan gyaranta, a 2023 kuma aka sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan kwangilar dala miliyan 740, amma har yau fetur ɗin da muke sha a Kaduna daga bakin teku ake ɗauko shi a tanka. Yanzu ga maganar sayar da matatun gwamnati ta sake tasowa. Ni ra'ayina kada a sayar da ita. A gyara bututun da ke kawo mata ɗanyen mai, a tsare shi, a tashe ta, domin matatar nan ita ce uwar masana'antun Kaduna, kuma ba a kai uwa kasuwa. Ina son jin ta bakin manya.

Baba Na Kakuri:
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya saka wa mahaifiyarka da alheri, amma ka gyara kalamanka. Yaya za a yi uwa ta zo duniya bayan 'ya'yanta sun yi gemu? An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, Sardauna yana Firimiya, tare da haɗin gwiwar wani kamfanin saƙa na Ingila. Bayanta masaƙar Arewa da Nortex da UNTL suka biyo a shekarun 1960, an kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a 1975. Duk waɗannan suna tsaye da ƙafafunsu lokacin da filin da matatarka take kai daji ne da gonakin Gbagyi. Ni na shiga sashen kaɗi ina saurayi, na ga lokacin da idan jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, kekunan ma'aikata kan cika titi har mota ta rasa wurin bi. Matatar mai auta ce a gidan nan.

Ɗan Sabon Tasha:
Baba, na ji kuma na gode. Ban yi nufin shekaru ba, girma da amfani nake nufi. Abin da na kawo shi ne maganar bututu da maganar sayarwa.

Baba Na Kakuri:
Idan girma kake nufi, to nan ma ba ka faɗi daidai ba. Girman masana'anta a wurin talaka shi ne yawan bakunan da take ciyarwa. Masaƙa ɗaya a Kakuri takan ɗauki dubban mutane, wanda ya gama firamare da wanda bai taka aji ba, Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma, ga manomin auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi yana cin arzikinta daga nesa. Matatar mai kuwa aikin injiniyoyi ne da masu takarda, sauran jama'a a bakin ƙofa suke tsayawa.

Injiniya Mai Ritaya:
Baba, da girmamawa, zan tsaya wa wannan matashi a kan kalmarsa, domin ba wadda ta haifa kaɗai ake kira uwa ba, wadda ta shayar ma uwa ce. Ku da kuka yi aikin masaƙa kun fi ni sanin cewa sashen rini da wanki da busar da yadi ba ya motsi sai da tururi, tururi kuma daga tukunya yake fitowa, tukunyar kuwa baƙin mai take sha. Daga 1980 wannan baƙin man a bayan gari ake samunsa, ba sai an jira shi daga Fatakwal ba.

Bari in yi bayanin yadda aka gina wurin, domin da yawa suna ɗauka fetur kawai take yi. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, an ba shi kwangilar a 1977. Layi biyu aka yi mata, kowanne ganga 50,000 a farko. Layi na farko yana tace ɗanyen man ƙasarmu mara nauyi, ya ba da fetur da kananzir da dizal da gas ɗin girki, shi ne aka faɗaɗa zuwa ganga 60,000 a 1986, jimilla ta zama 110,000. Layi na biyu an tsara shi ne domin ɗanyen mai mai kauri irin na Benezuwela da Saudiyya da Kuwaiti, saboda namu ba ya ba da irin ragowar da ake buƙata wajen yin man inji da kwalta. Daga wannan layin ake samun tushen man inji, da kakin da ake yin kyandir da man shafawa da shi, da kwaltar shimfiɗa titi, kuma a duk matatun gwamnati huɗu ita kaɗai aka yi wa wannan sashe. A cikin harabar akwai wurin ƙera duro da gwangwani. A 1988 aka ƙara sashen da ke yin sinadarin da masu yin omo suke dogara da shi, tan 30,000 a shekara. Mai kyandir da mai sabulu da mai man inji da ɗan kwangilar titi duk a kwano ɗaya suke ci. Idan wadda ta ciyar da waɗannan duka ba uwa ba ce, to a ba ni sunan da ya dace da ita.

Baba Na Kakuri:
Injiniya, sunanta mai sayar mana da mai. Da kuɗinmu muke saye, ba kyauta ba. Shekara 23 tukunyoyin Kakuri suna tafasa kafin a buɗe ta, kuma ba mu ji an ce sun huce ba.

Malamin Tarihi:
Ina ganin ku duka biyun kun tsallake wadda ta cancanci sunan. Kaduna gari ne da layin dogo ya haifa. Layin da ya isa Kano a 1911 shi ya sa Turawa suka ga dacewar wurin, har aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, daga baya kuma layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya zo ya haɗe da na Legas a kudancin kogi. Ba don wasa aka jera masaƙu a Kakuri ba, an jera su ne kusa da mahaɗar jirgin ƙasa, inda auduga za ta sauka, injuna su sauka, yadi ya hau. Ga kogin Kaduna yana ba da ruwa. Saboda haka idan dole sai an naɗa uwa, jirgin ƙasa ne uwa, auduga ce uba, masaƙa 'yar fari, matatar mai kuma ta zo a ƙarshe a matsayin 'yar gwamnatin tarayya da aka kawo riƙo.

Tsohon Direban Tanka:
Malam, kalmar riƙon nan ba ta yi mini daɗi ba. Wanda ya ce riƙo kamar yana cewa ne matatar ba ta da gadon zama a Arewa, kuma wannan ita ce maganar da muke sha a bakin wasu mutane idan muka je lodi a kudu, cewa me ya kai matata garin da ba shi da rijiyar mai ko ɗaya. Ni na yi shekaru ina jan tanka, na san abin da matatar nan ta ɗauke wa Arewa. Daga Kaduna bututu yake tura mai zuwa daffon Kano da na Gusau da na Jos da na Gombe har Maiduguri. Direba ya yi lodi a Kano da safe, kafin la'asar ya sauke a Haɗeja ya juyo ya kwana a ɗakinsa. Da bututun ya mutu sai muka koma Apapa, mako guda ko biyu kana layi, sannan ka ɗauko lita 33,000 ka biyo ta Jebba da Mokwa da Tegina, kana addu'a a kowane rami. Abokan aikina nawa ne suka ƙone a wannan hanya, Allah ya jiƙansu. Wadda ta hana mu wannan wahala ina kiranta uwa, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba.

Akanta Daga Barnawa:
Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma tun da ka kawo maganar, mutane da yawa suna ganin masu tankoki suna cikin waɗanda mutuwar bututu ta yi wa rana, domin a 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, kuma shekara da shekaru daga cikinsa aka riƙa biyan kuɗin dakon mai daga kudu zuwa arewa. Bututu mai aiki ba ya barin tanka ta ci wannan kuɗi.

Tsohon Direban Tanka:
Ɗana, ka bambanta direba da mai mota. Ni albashi da kuɗin hanya nake karɓa, ban taɓa ganin takardar wannan asusu da idona ba. Sannan ba direban tanka ne yake shiga daji da dare yana huda bututu ba. Ka janye wannan magana.

Akanta Daga Barnawa:
Ban ce kai ba, Alhaji, kuma ban ce direbobi ba. Na ce akwai masu amfana, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon Direban Tanka:
To ka kawo sunan mutum ɗaya da shaidarka. Idan babu, ka bar ɓata wa masu sana'a suna a gaban jama'a.

Ɗan Katsina:
Kuna ta faɗa a kan uwa kun manta da wanda ya aza tubalin. A 1977 da aka ba da kwangilar, Muhammadu Buhari ne kwamishinan man fetur na tarayya, shi ne kuma shugaban farko na hukumar gudanarwar NNPC da aka kafa a wannan shekarar. A zamaninsa aka shimfiɗa bututan da daffo-daffon da Alhaji yake lissafawa. Ya kamata duk mai maganar matatar Kaduna ya fara da yi masa addu'a.

Basakkwace:
Kwamishina ba shi ne gwamnati ba. Obasanjo ne shugaban ƙasa a 1977, kuma da aka zo buɗe matatar a 1980 Alhaji Shehu Shagari ne a kan mulki, a zamaninsa ne kuma sashen man inji ya fara aiki a 1983. Wanda kake yabo ya dawo ya yi shekara takwas daga 2015 zuwa 2023, yana riƙe da ma'aikatar man fetur da kansa, ya sauka matatar ba ta tace komai. A riƙa faɗin duka biyun.

Malamin Tarihi:
Tun 1974, zamanin Janar Gowon, aka yanke shawarar gina ta Warri da ta Kaduna tare. Dalili kuwa a fili yake: matata ɗaya ce tak a ƙasar, wadda Shell da BP suka gina a Alesa Eleme kusa da Fatakwal a 1965, ga kuɗin mai ya shigo, ga ma'aikata sun sayi motoci da babura, sai dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai. Aka fara da Warri, aka buɗe ta a 1978, Kaduna ta biyo baya. Gwamnati huɗu ke nan, ta Gowon da ta Murtala da ta Obasanjo da ta Shagari, suka sa hannu a aiki ɗaya.

Ɗan Katsina:
Malam, shawara a takarda daban, aiki a ƙasa daban. Kuma Basakkwace ya sani sarai cewa a zamanin Buhari aka sa hannu a dokar masana'antar man fetur a 2021, aka fara aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022. Idan man Kolmani ya fito, wa zai sake cewa matatar Kaduna riƙo aka kawo ta?

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san lissafin ganga ba, amma ina goyon bayan Baba a kan kalmar nan. Shekara da shekaru ina sayar da atamfa, kuma lokacin da Kaduna take Kaduna, atamfar UNTL muke ɗauka mu kai Kano da Sakkwato, mata suna tambayarta da sunanta. Ban taɓa jin wani ya zo Kaduna daga wata ƙasa domin ya sayi kyandir ba. Da yadi aka san garin nan.

Baba Na Kakuri:
Hajiya, na gode da goyon baya, sai dai gaskiya ɗaya ce, ku 'yan kasuwa kuna cikin waɗanda suka kwantar da mu. Da aka buɗe ƙofar shigo da yadi a shekarun 1990, kuka juya wa namu baya kuka rungumi na ƙasar Sin mai araha, ana kwafar zanenmu a can a buga, a biyo da shi ta Kwatano da Maraɗi a tsallako da shi ta Jibiya da dare. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Masaƙar da na yi wa aiki ta sallame mu ba tare da haƙƙinmu ya fito ba, abokaina da yawa sun mutu suna jira.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, Allah ya bi muku haƙƙinku, amma kada ka ɗora mana laifin da ba namu ba. Ɗan kasuwa abin da mai saye zai iya biya yake kawowa. Matar da mijinta ya ba ta kuɗin turmi ɗaya kuma tana da 'ya'ya huɗu da za a yi wa ɗinkin Sallah, me zan ce mata? Ku tambayi kanku abin da ya sa naku ya yi tsada. Ba wutar lantarki, ba auduga mai kyau, ga baƙin man da Injiniya ya ambata ya yi wuyar samu.

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya ta faɗi abin da nake faɗa tun ɗazu da bakinta. Masu masaƙu sun yi ta kuka a kan tsada da ƙarancin baƙin mai a shekarun da suke durƙushewa, kuma shekarun nan su ne matatar take aiki yau ta tsaya gobe. Idan ciwon wata ya kwantar da kai, to akwai abin da ke tsakaninku da ya wuce ciniki.

Matsalarta ta asali kuwa, wadda wannan matashi ya taɓo, ita ce doguwar igiyar da aka rataye ta da ita. Ɗanyen manta, na gida da na waje, daga tashar Escravos da ke bakin teku yake tasowa, ya biyo ta Warri, ya yi tafiyar sama da kilomita 600 a cikin bututu kafin ya iso Chikun, inda matatar take. Huda ɗaya a cikin fadamun Neja Dalta ta isa ta kashe wuta a Kaduna. Ga shi kuma ƙa'ida ce a tsayar da matata duk bayan kamar shekara biyu a yi mata babban garambawul, a buɗe tukwane, a canza abin da ya ci, amma aka riƙa tsallake wannan shekara bayan shekara. Inji ba ya yafe irin wannan.

Ɗan Damagaram:
Baba ya ambaci Maraɗi kamar mu ne muka kashe masaƙun Kaduna. Kayan da ya biyo ta ƙasarmu, 'yan kasuwarku ne suka yi odarsa, jami'anku ne suka buɗe masa hanya. Tun da kuma ana maganar matata, ku zo ku ga Soraz a arewacin Damagaram. An ƙulla yarjejeniyarta da kamfanin CNPC na ƙasar Sin zamanin Tandja a 2008, aka buɗe ta a 2011 zamanin Issoufou, ganga 20,000 kacal a rana, ɗanyen manta daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. Ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na taku ba, amma tana aiki, har dizal ɗinta ya sha tsallakawa kasuwanninku.

Ɗan Katsina:
Ɗan'uwa, kashi 60 na Soraz na Sinawa ne, kashi 40 ne naku. Tamu kuwa tamu ce gaba ɗaya. Kuma shekara nawa kuka yi kuna shan fetur ɗinmu mai tallafi kafin a cire tallafin a 2023?

Ɗan Damagaram:
Kashi 40 na abin da ke aiki ya fi kashi 100 na abin da ke kwance. Ina kuma matatar da aka sa hannu a 2018 cewa za a gina a jiharku ta riƙa tace man Nijar?

Akanta Daga Barnawa:
Maganar ɗan Damagaram ita ce tawa. A 2007, gab da saukar Obasanjo, an sayar da kashi 51 na matatar Kaduna da ta Fatakwal ga rukunin Bluestar, wanda Ɗangote da Otedola suke ciki, ta Kaduna a kan dala miliyan 160. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da ƙura, gwamnatin 'Yar'aduwa ta zo, cinikin ya warware, aka mayar musu da kuɗinsu. Ɗangote ya tafi Lekki ya gina tasa mai ganga 650,000, wadda ta fi matatun gwamnati huɗu a haɗe, domin su jimillarsu 445,000 ce. Ita kuwa tamu, da NNPC ya fitar da rahoton binciken kuɗinsa na 2018, sai aka ga a wannan shekarar ba ta shigar da ko kwabo ba, amma ta yi asarar sama da Naira biliyan 60. Ku kira ta uwa ko auta, wannan kuɗi daga aljihun talaka yake fita.

Ɗan Katsina:
Kada ka taɓa Malam Umaru. Ciniki ne da aka yi cikin gaggawa a kwanakin ƙarshe na gwamnati, aka sayar da dukiyar ƙasa a kan kuɗin da bai kai kuɗin gyaranta na yau ba. Mutumin kirki ya zo ya ce a bi ƙa'ida, kuma jama'a suka yaba masa a lokacin.

Basakkwace:
Duk wanda ya fito daga Katsina ba ya kuskure a wurinka. Ɗazu Buhari, yanzu 'Yar'aduwa.

Ɗan Katsina:
Kai ma ba ka ga kowa ba sai Shagari.

Ɗan Sabon Tasha:
Jama'a, don Allah a dawo kan magana. Tambayata ita ce a gyara ko a sayar.

Baba Na Kakuri:
Ba za a dawo ba sai an gyara tushe. Injiniya yana cewa ta shayar da mu, to mutanen Rido da na bakin rafin Romi, waɗanda ruwan matatar yake bi ta gonakinsu, su ma a tambaye su ko sun yarda da sunan. Ɗaliban jami'a nawa ne suka je suka ɗebi ruwan Romi suna aunawa? Ai ba don daɗinsa suke zuwa ba.

Injiniya Mai Ritaya:
Baba, ruwan rinin masaƙu ma ba a sama yake tashi ba, ta magudanun Kakuri da Makera yake bi ya faɗa kogin Kaduna, kuma su ma ɗaliban sun auna shi. Idan za a yi wannan hisabi, a yi wa kowa.

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum. Dare ya yi, kuma na karanta duk abin da aka rubuta tun daga farko, saboda haka zan taƙaita domin waɗanda ba su samu bi ba. Ɗan'uwanmu na Sabon Tasha ya kira matatar mai uwar masana'antun Kaduna. Baba ya kawo shekaru dalla-dalla, 1957 da 1964 da 1975, ya nuna cewa garin nan ya riga ya zama cibiyar masana'antu tun kafin 1980, kuma babu wanda ya iya musa waɗannan shekaru. Malamin Tarihi ya ƙarfafa shi da batun layin dogo da auduga, Hajiya ta ba da shaida daga kasuwa cewa da yadi aka san Kaduna. Injiniya ya yi dogon bayani na ilimi a kan injuna, mun amfana, sai dai bayanin injuna ba ya canza tarihi. Sauran maganganu na siyasa da na tanka da na Nijar ba su shafi batun ba. Ni da na tashi a Kakuri, mahaifina yana sashen saƙa, na san cewa abin da Sardauna ya dasa da kuɗin gyaɗa da audugar talakawan Arewa shi ne ginshiƙin garin nan, abin da ya zo daga baya da kuɗin mai ƙari ne. Abin da zaure ya tsaya a kai shi ne masaƙa ce uwa, matatar mai auta ce, kuma idan gwamnati tana da kuɗin tayar da wani abu a Kaduna, da Kakuri ya kamata ta fara.

Malamin Tarihi:
Ranka ya daɗe, ban ƙarfafa Baba ba. Cewa na yi jirgin ƙasa ne uwa, masaƙa 'ya ce.

Injiniya Mai Ritaya:
Shugaba, ka tsallake maganar baƙin mai gaba ɗaya, alhali Hajiya da ka kafa shaida da ita ita ce ta tabbatar da shi. Kuma zaure bai tsaya a kan komai ba, domin ba a ƙirga ra'ayi ba. Ko gobe aka buɗe masaƙun Kakuri, sai an nemo abin da za a hura tukunyarsu da shi.

Tsohon Direban Tanka:
Ni ma ba a janye maganar da aka yi a kan masu tanka ba, kuma ina nan ina jira.

Ɗan Sabon Tasha:
Shugaba, da girmamawa, a cikin taƙaitawarka ban ga tambayata ba. Na tambaya ne ko a gyara bututun Escravos a tashe ta, ko a sayar da ita, kuma in ban da Akanta da Injiniya babu wanda ya kusanci wannan. Baba, ku da kuka ga jiya kuka ga yau, me kuka ce a kan sayarwar?

Baba Na Kakuri:
Ka koma rubutunka na farko ka cire kalmar uwa, ka sa auta. Idan na ga ka gyara, gobe bayan sallar Asuba zan faɗa maka ra'ayina a kan bututun.